Mangwaron Alhaji

Shekaranjiya Tanko ya sauka daga adaidaita sahu a bakin lungunmu na Dala da rabin buhun mangwaro a kafaɗa. Ina zaune a zaure, inda nake wuni tun da gwiwoyina suka ƙi kasuwa. Da farko ban gane shi ba, sai da ya ce, "Kai tsohon banza, ba za ka tashi ka karɓi kaya ba?" Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai kira ni haka, don ƙauye ɗaya muka tashi, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ya dire buhun a gabana, ya kwance bakinsa, ƙamshi ya cika zauren. Ya ce, "Na Alhaji ne. Yanzu babu mai gadi, kowa tsinka yake yi." Na ce madalla. Na tambaye shi iyali, na sa aka kawo masa ruwa. Ina ta jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ko baƙin ciki ko haushi, ban ji komai ba. Kamar dai an ce da ni gobe Laraba.

Ƙauyen namu ba zan faɗi sunansa ba, ko na faɗa ba mai zuwa. 'Yan gidaje ne na ƙasa da zana a gindin wani dutse, kowa ɗan'uwan kowa ne, ko ta jini ko ta aure. Abin da na fi tunawa shi ne ƙararsa. Da safe guga tana bugun bakin rijiya, zabi suna ta ɓaɓatu a bayan danga, da hantsi kuma mata su hau lugude, har kana iya gane taɓaryar Inna daga ta maƙwabta. Idan damina ta faɗi, mu fita da fartanya tun raɓa ba ta bushe ba, a yi firi, a yi maimai, a yi huɗa, ƙannenka mata su biyo ka da ƙwaryar fura. Da rani kuma jaki da mangala, ka yi ta kai taki gona har ƙeyarka ta yi baƙi. Ba mu san kwaɗon kulle ƙofa ba. Idan mutanen gida duk sun fita, sai a gitta karan dawa guda a ƙofa, kuma wallahi ko akuya ce ta tsallake shi sai an yi magana. Rumbunanmu a bayan gari suke, ba mai kwana a wurin. Yau a nan Dala kwaɗo biyu ne a ƙofar ɗakina, kuma babu abin da ke ciki sai katifa da buta da rediyon da ya daina magana.

Dutsen nan kuwa muna ce masa Dutsen Kira. A gefensa akwai wani falale da ya ɗan ɗago daga ƙasa, idan ka buge shi da mulmulallen dutsen da ake ajiyewa a kai, sai ya yi ƙara kamar babbar tasa, a ji har ƙauyuka uku. Shi ne tsaronmu. Bugu uku-uku gobara ce. Bugu ba tsayawa kuwa, ko ɓarawo, ko shanu sun faɗa gona, ko wani ya faɗa rijiya. Duk wanda ya ji, ko tuwo ne a bakinsa, zai ajiye ya fito da abin da hannunsa ya taɓa. Yaro bai isa ya buga shi da wasa ba. Ni na taɓa gwadawa sau ɗaya, kuma har yau in na tuna sai bayana ya yi mini ƙaiƙayi.

Gonarmu ce ta kewaye dutsen. Kakana ne ya sare ta, ubana ya gada, kuma ita kaɗai gare mu. Jigawa ce ta sama, tana ba da gero da gyaɗa, ta ƙasa kuma dawa da wake. Ita ta ciyar da mu, ita ta yi mini aure. Baba mutum ne marar yawan magana. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce, "Kai wannan." Yana ba da aron gona ga duk wanda ya zo ba shi da wurin noma, amma da sharaɗi biyu da kowa a ƙasarmu ya sani. Na farko, kowace kaka mai aro zai kawo dami guda har ƙofar gidan mai gona, da rana, mutane suna gani. Ba don damin ba, don a riƙa tunawa da mai ƙasa. Na biyu, mai aro ya shuka duk abin da ake girbewa a shekara, amma ba zai dasa itace ba. Baba yakan ce, "Gero baƙo ne, yana zuwa ya tafi. Itace kuwa zama ya zo yi. Duk wanda itacensa ke tsaye a ƙasa, nan gaba shi za a ce wa mai ƙasa." Na ji wannan magana har ta gundure ni.

A shekarar da soja suka fara mayar da mulki hannun farar hula, ina da aure da ɗa guda, kuma ina ji da kaina. Na yi cirani sau biyu a birnin Kano, na dawo da agogo da takalmin roba mai maɗauri, ina ganin mutanen garinmu duk a duhu suke. A lokacin ne kuma yanar ido ta fara rufe idon Baba, harkar gona ta dawo hannuna. Motocin siyasa suka yi ta shigo mana da lasifika, ana yi mana alkawarin hanya da famfo. Cikin masu rakiya akwai wani Alhaji, ɗan kasuwa daga birni, mai fara'a, mai yawan kyauta. Shi ba ƙuri'a ta dame shi ba. Ya ga dutsen, aka ba shi labarinsa, ya roƙi dagaci a buga masa sau ɗaya ya ji. Sai da aka aika gida-gida aka ce kada kowa ya firgita, sannan aka buga. Alhaji ya dafe hula ya ce, "La ilaha illallahu! Kuna zaune a kan dukiya ba ku sani ba. Turawa ƙasa-ƙasa suke bi don su ga irin wannan."

Bayan mako biyu ya dawo, ya durƙusa a gaban Baba a ƙofar gidanmu, dagaci da liman suna zaune. Ya ce, "Baba, aron wuri nake nema a gindin dutse, in kafa rumfa, baƙi masu yawon buɗe ido su riƙa samun wurin hutawa. Garinku zai ci gaba." Baba ya ce, "Alhaji, ba a hana baƙo wurin zama. Na ba ka aro, daga gindin dutse zuwa jan suri. Ka san sharaɗi?" Liman ya zayyana masa. Alhaji ya yi dariya ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Aka yi fatiha, aka raba goro. Babu takarda, don mu a lokacin takarda ta haraji ce kawai.

Kaka ta farko Alhaji ya sayi dami a kasuwa ya sa aka kawo. Ni na ji kunya. Mutumin da ya kawo wa Inna atamfa, ya kawo mini keke, shi za a tsaya karɓar dami a hannunsa? Na ja shi gefe na ce, "Haba Alhaji, ai an zama ɗaya. Wannan al'adar mutanen da ce, ka bar shi kawai." Ya ce, "To, yadda ka ce." Daga nan duk kaka sai in ɗauko dami daga namu in dire a gaban Baba in ce na Alhaji ne, a cikin gida, ba mai gani. Ka ji fa wayon ɗan birni.

Baƙi suka fara zuwa. Turawa jajaye da gajeren wando da kyamara, ɗalibai cike da bas, ma'aikata da iyalansu ranar hutu. Mota ba ta iya kaiwa gindin dutse, sai a tsaya a bakin gonarmu a taka, kuma rana a wurin ba ta da mutunci. Wata Baturiya ta taɓa sumewa a kan hanyar, sai da aka yi mata fifita da faifai. Da damina ta kusa, Alhaji ya zo da dashen mangwaro mai aure a cikin gwangwanaye, ya ce, "Ka duba mini wannan hanya. Idan an jera su daga bakin gona zuwa dutse, nan da 'yan shekaru baƙo zai taka a inuwa. Ku ma kwa sha." Ban ce masa akwai sharaɗi ba. Shi ma bai tuna mini ba, kuma har yau ban sani ba ko mantawa ya yi. Ni na haƙa ramukan da hannuna, ni na zuba taki, ni na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Goma sha biyu na dasa, daga jan suri har ƙarshen gonarmu ta bakin hanya, wato har inda ba a ba shi aro ba. Da rani ina ɗora tulu biyu a keken da ya ba ni ina ba su ruwa. Tara suka kama.

Baba yana da al'adar zaga gona da yamma, ina riƙe da sandarsa ta gaba yana riƙe da ta baya. Wata rana rigarsa ta kama ƙaya. Ya tsaya, ya sunkuya, ya laluba har ya kai ga ganyen. Ya murza shi ya sansana.

"Kai wannan, mene ne nan?"

"Mangwaro ne, Baba."

"Wa ya dasa?"

"Ni ne."

"Da irin wa?"

Na ce Alhaji ne ya kawo, don baƙi su sami inuwa. Baba ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba. Ya ce, "Irinsa, don baƙinsa, a ƙasata. Gobe kafin rana ta take ka tumɓuke su duka. In kana son mangwaro, ka nemo naka ƙwallo ka dasa, ka kira mutane su gani." Na ce to.

Washegari na je da magirbi. Na tsaya a kan na farko, ya yi sabon toho ja, mai sheƙi. Na tuna tulunan da na ɗauka. Na tuna fuskar Alhaji, da yadda zan ce masa tsohona ya ce a cire. Na ce a raina, mutumin da ba ya gani, ina zai sani? Na dawo gida na ce, "Baba, na tumɓuke." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Tun daga ranar na sauya mana hanyar zagaye, muna bi ta gefen dawa, ina ce masa wancan ɓangaren baƙi sun cika shi. Inna ta sani, matata ta sani, gari duka ya sani. Ba wanda ya gaya masa, don ba wanda yake son ya zama shi ne ya haɗa ɗa da uba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Soja suka sake karɓe mulki, amma baƙi ba su daina zuwa ba. Rumfa ta zama ɗakuna zagaye masu rufin ciyawa, aka kawo firji da janareta, matanmu suna kai faifai da ƙwarya ana saya, samari suna koyon cewa sannu da zuwa da Turanci. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗi. Sai dai duk baƙon da ya zo sai ya buga Dutsen Kira, an ɗauke shi hoto yana dariya. Da farko mukan zabura. Daga baya muka saba. Ranar da rumbun Tanko ya kama da wuta da azahar, matarsa ta ruga ta yi ta bugu uku-uku har hannunta ya fashe, mu kuwa muna gona muna jin ta, wani ma cewa ya yi yau baƙin nan da ƙarfi suke. Sai da muka ga hayaƙi. A shekarar aka fara sayar da kwaɗo a kasuwarmu.

Itatuwan kuwa suka tashi, suka wuce tsayin mutum, suka fara 'ya'ya. Kowa yana ce musu mangwaron Alhaji, har da ni. Baba ya tsufa ƙwarai, ya daina fita. Wata rana da bazara, bayan la'asar, ya ce yana so ya taɓa dutsen ubansa. Na so in bi da shi ta gefen dawa, ya ce ƙafarsa ba za ta kai ba, mu bi miƙaƙƙiya. Muna tafe a hankali, rana tana dukanmu, sai muka shiga ƙarƙashin na farko. Na ji sandar ta tsaya a hannuna. Baba ya ɗaga fuskarsa sama. Ya ce, "Nan da babu inuwa." Na ce, "Gajimare ne ya tare rana, Baba." A daidai lokacin iska ta ɗan kaɗa, ganye ya yi ta shuu a kanmu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kira sunana, cikakken sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce, "Mayar da ni gida." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, a ranar ko bayanta. Kafin kaka ya rasu.

Na ci gaba da noma gonar shekara da shekaru. Alhaji bai taɓa ce mini komai ba, kullum da fara'arsa, har shi ma Allah ya karɓi ransa. Da soja suka sake komawa bariki, farar hula suka dawo, sai aka shiga maganar bunƙasa wuraren yawon buɗe ido, fili a gindin dutse ya yi daraja. 'Ya'yan Alhaji suka zo, yara masu ladabi, sun yi boko, suna ce mini Baba. Tare da su akwai masu awon fili. Suka ce a lissafin gadon mahaifinsu akwai wannan wuri, daga dutse har inda itatuwansa suka ƙare. Na ce aro ne. Babban cikinsu ya ce, "Baba, mu abin da muka tashi muka gani ke nan. In akwai shaida a kawo." Dagacin da ya zauna a ranar ya rasu, liman ya rasu, Inna ta rasu.

Muka je gaban alƙali. Rabin garinmu sun bi ni, sun cika benci har waje. Alƙalin dattijo ne, ɗan ƙauye kamarmu, ya san al'ada sarai, kuma ban ga ya zalunce ni ba. Ya tambayi mutanen gari ko sun taɓa ganin an kawo damin aro ƙofar gidanmu. Tsofaffi biyu suka ce sau ɗaya, da daɗewa. Ya tambaya yaya ake kiran itatuwan nan. Wani ya ce mangwaron Alhaji. Sai ya juyo gare ni.

"Malam, a ƙasarku ana dasa itace a gonar aro?"

"Ba a yi, Allah ya gafarta Malam."

"Wa ya dasa waɗannan?"

"Ni ne, da irin da Alhaji ya kawo."

"A lokacin mahaifinka yana raye?"

"Yana raye."

"Ya sani? In ya sani, ya hana?"

Ga amsar nan a bakina. In ce ya hana, ya ce a tumɓuke, ni ne na yi masa ƙarya, na yi shekara bakwai ina jan makahon ubana ta bayan dawa don kada ya gane. Duk wanda ke zaune a bencin nan ya san haka, amma ba a taɓa faɗa da baki ba. 'Ya'yana maza biyu suna bayana. Na dubi ƙasa. Alƙali ya maimaita tambayar, a hankali, kamar mai miƙo mini igiya. Tanko ya yi gyaran murya har sau biyu. Ni dai shiru na yi. Ko da na faɗa zai canja hukunci, ko ba zai canja ba, Allah ne masani, na sha juya wannan a raina har na gaji. Alƙali ya ce mai ƙasa yana raye aka dasa, ba a kawo shaidar ya hana ba, don haka wurin na 'ya'yan Alhaji ne. Suka kafa turakun siminti a bakin hanya, aka ja katanga, aka sa get da mai gadi da tikiti. Aka bar mini wani ɗan zirin ƙasa a bayan dawa, daidai inda nake bi da Baba, wanda bai isa ya ciyar da gida ba.

Haka muka shigo birni. Wani malami Babarbare da na taɓa yi wa aiki lokacin cirani ya ce akwai ɗakuna biyu a bayan gidansa a Dala, in zauna har Allah ya yi mini mafita. Mafitar ba ta zo ba, shi ya rasu, 'ya'yansa kuma ba su taɓa ɗaga mini gira ba. Na yi awon hatsi a kasuwa, ina auna geron wasu da kwanon wasu. Matata ta rasu a nan. Samarin suka watse neman abinci, sai autata Hauwa, wadda ta taso a birni, yanzu tana koyarwa a wata firamare a Mandawari, ita ke kula da ni. Ban sake taka ƙauyen ba. Ba fushi na yi ba, kawai ban ga abin da zan je yi ba.

Shekaranjiyan nan Tanko ya ba ni sauran labari, yana sha wa kansa mangwaro, ruwan yana bin gemunsa. Ya ce baƙi sun daɗe da ɗauke ƙafa, tun da masu bindiga suka fara tare hanya. 'Ya'yan Alhaji suka kwashe firji da janareta, mai gadi ya gudu, get ya faɗi. Ranar da mutanen suka shigo garin a kan babura, da rana tsaka, wani saurayi ya haura katanga ya yi ta bugun Dutsen Kira ba tsayawa. Ƙauyukan kusa sun ji. Tsofaffi sun ce wannan kira ne, matasa suka ce wane kira, ba wanda ya fito. An kora shanu, an tafi da mutum huɗu. Yanzu gida biyar suka rage, shi ma Tanko wurin ɗansa ya zo a Ƙofar Kabuga, kuma ba ya jin zai koma.

Ya ce, "Gonarka tana nan fa, ta zama saura, duk ciyawa ta cinye ta. Ba mai hana ka. In kana so ka je ka noma abarka."

Na ce, "Da wace gwiwar?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya ce in sha ɗaya mana. Na ɗauka na sha. Da zaƙi, babu zare, irin mai kyau ne Alhaji ya kawo. Na ajiye ƙwallon a gefen tabarma, na wanke hannu, muka tafi masallaci.

Jiya da safe ina alwala a tsakar gida sai na ga Hauwa a tsugune kusa da bakin rariya, inda ƙasa take da laima, tana tono da tsohuwar wuƙa. Ƙwallon da na sha ne a hannunta. Ta ce, "Baba, wannan ai irin garinku ne. Bari in binne shi a nan, in Allah ya sa ya fito ka samu inuwar zama, ka huta da zauren nan mai zafi."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da sai an kama ni. Buta ta kife. Na ce, "Ba ni nan." Ta ce, "Baba, lafiya?" Ban taɓa ba ta labarin ba, ita abin da ta sani an ƙwace mana gona. Na karɓe ƙwallon, na sa ƙafa na mayar da ƙasar ramin na take.

Ta ce, "Ai 'ya'yan Malam ba za su ce komai ba. Shekara nawa muna nan? An zama ɗaya."

Na ce, "Na sani. Aro aka ba mu, Hauwa. Je ki hura wuta."

Da ta hura, na jefa shi a murhu da hannuna, na tsaya a kai sai da ya ƙone. Sannan na ce ta ɗauko tabarma ta zauna, akwai abin da kakanta ya ce in yi, ban yi ba, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.